Yadda Ake Auna Talauci, Da Dalilin Da Ya Sa Alƙaluma Suke Saɓa Wa Juna

GOMBE: A cikin watan Mayu na 2020, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ba da sanarwar cewa kashi 40.1 cikin 100 na mutanen Nijeriya, watau mutum miliyan 82.9, suna fama da talauci. Bayan shekara biyu da rabi, a cikin watan Nuwamba na 2022, wannan hukuma dai ta sake fitar da wani rahoton wanda ya ce kashi 63 cikin 100 ne, watau mutum miliyan 133. A rahoton farko an ce kashi 62.3 na mutanen Jihar Gombe matalauta ne, a na biyu kuwa adadin ya haura kashi 80.

Jama'a da dama sun ɗauka cewa mutum miliyan 50 ne suka tsiyace a tsakanin rahotannin nan biyu. To amma ba haka zancen yake ba. Rahoton farko ya auna kuɗin da mutum yake kashewa ne a shekara, na biyu kuma ya auna irin rayuwar da yake yi ta fuskar lafiya da ilimi da ruwan sha da muhalli da aikin yi. Kamar dai a auna buhun hatsi guda da mudu, a sake auna shi da tiya: lissafin zai bambanta ko da ba a ƙara ƙwaya ɗaya ba. Saboda haka duk wanda yake so ya kwatanta talaucin wata ƙasa da na wata, ko na bana da na bara, wajibi ne ya fara sanin ma'aunin da aka yi aiki da shi.

Wane Ne Matalauci?

Tambayar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Mutane sukan bambanta mai rufin asiri da mai rayuwar hannu baka hannu ƙwarya, su kuma bambanta wannan da wanda fatara ta yi wa katutu. Malaman fiƙihun Malikiyya, wajen bayanin waɗanda suka cancanci zakka, sun ce faƙiri shi ne wanda abin da ya mallaka ba zai ishe shi abincin shekara ba, miskini kuwa shi ne wanda ba ya da komai. Wannan ma iyaka ce aka shata domin a san wanda za a ba da wanda ba za a ba ba.

A 1967 wata masaniyar tattalin arziki daga Ingila mai suna Polly Hill ta yi bincike a Batagarawa, kusa da Katsina. Ta nemi mutanen garin da kansu su kasa magidanta manoma kashi huɗu bisa ga yadda kowa yake iya jure wa yunwa kafin kaka, daga waɗanda suke da rarar da za su taimaki wasu har zuwa waɗanda suke cikin matsanancin hali. Ta gano cewa akwai manoman da talauci yake hana su noma gonarsu, domin da damina tilas su tafi ƙwadago a gonar wani don samun abin kaiwa baka a ranar.

Masana tattalin arziki kuwa sun bi hanyoyi uku. Ta farko ita ce a duba ko mutum yana iya biyan buƙatun da rayuwa ba ta yiwuwa sai da su. Ta biyu ita ce a duba yadda aka bar shi a baya idan an kwatanta shi da sauran mutanen ƙasarsa. Ta uku kuma ita ce a ƙirga abubuwan da ya rasa kai tsaye, ba tare da an mayar da su kuɗi ba.

Yadda Ake Shata Layin Talauci

Hanyar farko ta samo asali ne daga Ingila. A 1899 Seebohm Rowntree ya bi gidajen ma'aikata a birnin Yok, ya lissafa kuɗin abinci mafi araha da zai riƙe lafiyar mutum, ya haɗa da kuɗin haya da sutura da makamashi. A littafin da ya fitar a 1901 ya ce kusan kashi 28 cikin 100 na mutanen birnin suna cikin talauci. Wannan adadin kuɗi da ake ɗauka a matsayin iyaka shi ake kira layin talauci: duk wanda samunsa bai kai shi ba, an ƙirga shi cikin matalauta.

A kan wannan turba Hukumar Ƙididdiga ta gudanar da bincikenta daga Satumba 2018 zuwa Oktoba 2019 a gidaje fiye da 22,000. An ɗauka cewa kowane mutum yana buƙatar abincin da zai ba shi ƙarfin jiki na kalori 2,251 a rana. Da aka lissafa kuɗin irin abincin da masu ƙaramin ƙarfi suka saba ci, sai ya kama Naira 81,767 a shekara. Aka ƙara kuɗin sauran buƙatu kamar muhalli da sutura da magani da makaranta, jimla ta zama Naira 137,430 ga mutum ɗaya a shekara, watau kimanin Naira 376 a rana.

Abin lura shi ne, ba albashi ko riba ake tambaya ba, abin da gida ya ci da abin da ya kashe ake tambaya. Dalili kuwa shi ne yawancin jama'a ba masu albashi ba ne. Manomin da yake ɗiba daga rumbunsa, da matar da take soya ƙosai a cikin gida, da mai ɗinki a bakin titi, da wuya ɗayansu ya iya faɗin abin da ya samu a shekara, amma uwargida tana iya faɗin abin da aka dafa a mako guda. Ma'aikatan ƙididdiga sukan yi wa hatsin da mutum ya noma ya ci kuɗi bisa farashin kasuwa, sa'an nan su daidaita lissafi saboda bambancin farashi tsakanin sassan ƙasa.

A ɗauki misali da wani magidanci a unguwar Gabukka cikin garin Gombe, mai mata ɗaya da 'ya'ya uku, wanda a 2019 yake karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 30,000 a wata, ba shi kuma da wata hanyar samu. Abin da yake samu a shekara Naira 360,000 ne. Idan aka raba wa mutum biyar, kowa zai tashi da Naira 72,000, wanda bai kai ko kuɗin abinci kaɗai ba, balle cikakken layin. Ashe ke nan mutum yana iya zama ma'aikaci mai albashi kuma matalauci a lokaci guda.

Da wannan ma'auni aka samu kashi 18 a birane da kashi 52.1 a karkara. Jihar Sakkwato ce ta fi kowace da kashi 87.7, Legas kuma ta zo ƙarshe da kashi 4.5. Ba a sa Jihar Borno cikin lissafin ba saboda rashin tsaro ya hana a isa sassanta da dama.

Matsalar Kwatanta Ƙasashe

Kowace ƙasa da layinta, kamar yadda kowace kasuwa take da mudunta. Binciken da Jamhuriyar Nijar ta yi a 2018 zuwa 2019 ya nuna kusan kashi 41 cikin 100 na mutanenta suna cikin talauci, adadin da ya yi kusa ƙwarai da na Nijeriya. Amma wannan bai nuna cewa halin rayuwa a Maraɗi da Katsina, ko a ƙasashen biyu baki ɗaya, daidai yake ba, domin kowace ƙasa ta yi lissafi da kwandon abincinta da farashinta da kuɗinta.

A Amurka, wata ma'aikaciyar gwamnati mai suna Mollie Orshansky ce ta shata layin a farkon shekarun 1960, inda ta ɗauki kuɗin abinci mafi araha ta ninka shi sau uku, saboda a lokacin iyali sukan kashe sulusin samunsu a kan abinci. A 2023 layin da gwamnatin ƙasar take aiki da shi ga iyali mai mutum huɗu ya kai Dala 30,000 a shekara, watau fiye da Dala 20 ga kowane mutum a rana. Ƙasar Sin kuma, wadda ta ba da sanarwar kawar da matsanancin talauci a watan Fabrairu na 2021, ta yi aiki ne da layin Yuwan 2,300 a shekara bisa farashin 2010. Matalaucin Amurka da na Sin da na Nijeriya suna ɗaya suka tara, amma ba da ma'auni ɗaya aka gano su ba.

Domin warware wannan ne Bankin Duniya, a rahotonsa na 1990, ya fito da layi guda na dukan duniya. Masana irin su Martin Ravallion sun duba layukan da ƙasashe mafiya talauci suka shata wa kansu, suka ga sun taru a wajen Dala ɗaya a rana. An ɗaga adadin zuwa Dala 1.25 a 2008, da Dala 1.90 a 2015, da Dala 2.15 a 2022, sa'an nan Dala 3 a watan Yuni na 2025. Bankin yana da wasu layuka biyu na ƙasashe masu matsakaicin samu, watau Dala 4.20 ga rukunin da Nijeriya take ciki, da Dala 8.30 ga rukunin da yake sama da shi.

A nan ne aka fi yin kuskure. Wannan Dala ba irin wadda ake saye a hannun 'yan canji ba ce. Dala ce ta lissafi wadda aka gina a kan ƙarfin saye, watau ana tambayar Naira nawa ake buƙata a Nijeriya don sayen abin da Dala ɗaya take saye a Amurka. Ana samun amsar ne daga wani shirin kwatanta farashin kayayyaki tsakanin ƙasashe wanda aka fara a 1968. Da yake aski da haya da kuɗin mota da abincin gida sun fi araha a Gombe fiye da a Niyok, Naira takan fi ƙarfi a wannan lissafi fiye da yadda take a kasuwar canji. Misali, Naira 376 ta layin Nijeriya ta ɗan haura Dala ɗaya ne kawai a canjin Naira 360 na wancan lokaci, amma ta fuskar ƙarfin saye ta kusa Dala biyu. Saboda haka wanda ya ninka Dala 3 da farashin canji na yau ya ce wannan shi ne layin talauci a Naira, ya yi lissafin da ba shi da tushe.

Shi kansa wannan ma'auni yakan motsa duk lokacin da aka sake tattara farashi. Da layin Dala 1.90, Bankin Duniya ya ce kashi 39.1 na 'yan Nijeriya ne suke cikin matsanancin talauci a 2018 zuwa 2019. Da aka koma Dala 2.15, sai adadin ya sauka zuwa kashi 30.9, alhali gidajen nan ne dai, shekarar nan ce dai, kuma layin ma ɗaga shi aka yi. Abin da ya canja shi ne sabon ƙiyasin ƙarfin sayen Naira. Haka kuma a 2025, da aka koma Dala 3, yawan masu matsanancin talauci a duniya na shekarar 2022 ya tashi daga miliyan 713 zuwa miliyan 838 a takarda, ba tare da tukunyar kowa ta ragu ba.

Talauci Gwargwadon Na Maƙwabta

Ƙasashen Tarayyar Turai sun fi aiki da hanya ta biyu. Idan aka jera mutanen ƙasa daga mafi ƙarancin samu zuwa mafi yawa, aka ɗauki na tsakiya, to duk wanda samunsa bai kai kashi 60 cikin 100 na wannan na tsakiyar ba, ana ɗaukarsa yana cikin haɗarin talauci. Hujjarsu ita ce, mutum yana iya ƙoshi amma ya kasa shiga cikin jama'a ba tare da jin kunya ba. Bahaushe ma ya san wannan, domin magidancin da ya kasa yi wa yaransa ɗinkin salla, ko ya kasa yanka ragon suna, yana jin raɗaɗin babu ko da bai kwana da yunwa ba. Aibin wannan hanya shi ne ta fi auna tazarar da take tsakanin mutane. Idan samun kowa ya ninka biyu, adadin matalauta ba zai motsa ba.

Nijeriya ma ta taɓa bin irin wannan hanya. Tsohon Ofishin Ƙididdiga na Tarayya ya ɗauki kashi biyu bisa uku na matsakaicin abin da mutum yake kashewa a matsayin layi, ya ba da kashi 46.3 a 1985, da 42.7 a 1992, da 65.6 a 1996, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Gombe daga tsohuwar Jihar Bauci. Bankin Duniya kuwa, a rahotonsa na 1996, ya ce adadin ya sauka ne daga kashi 43 a 1985 zuwa 34 a 1992. Daga baya Hukumar Ƙididdiga ta ba da kashi 69 na 2010. Wanda ya jera wannan 69 da 40.1 na 2019 ya ce talauci ya ragu da kusan rabi ya yi kuskure, domin ita kanta hukumar ta yi gargaɗin cewa an sake tsarin tambayoyi da na lissafi, don haka ba a kwatanta su.

Abin Da Kuɗi Ba Ya Nunawa

Hanya ta uku ta fito ne daga tunanin Amartya Sen na Indiya, wanda ya sami lambar Nobel a 1998, da Mahbub ul Haq na Pakistan, wanda ya jagoranci rahoton ci gaban ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya na farko a 1990. A ganinsu kuɗi hanya ce kawai ta kai wa ga buƙata, kuma idan babu asibiti ko makaranta ko famfo a kusa, kuɗin aljihu ba zai samar da su ba. A 2010 wata cibiya a Jami'ar Oksfod, tare da Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suka fito da ma'aunin talauci mai fuskoki da yawa.

Irinsa Nijeriya ta yi aiki da shi a rahoton 2022, bayan an ziyarci gidaje fiye da 56,000 a dukan mazaɓun dattawa 109. An duba abubuwa 15 a ƙarƙashin fannoni huɗu: lafiya, ilimi, yanayin zama, da kuma aikin yi tare da matsalar tsaro. Gidan da rashinsa ya kai kashi 26 cikin 100 na jimlar makin, an ƙirga dukan mutanen cikinsa matalauta.

A koma Gabukka, a ɗauki wani magidancin daban, ɗan tireda wanda abin da iyalinsa suke kashewa ya ɗara layin kuɗi. A ma'aunin farko ya tsira. To amma a ce ruwan famfo ba ya zuwa a kai a kai sai an saya a wurin masu kura, da gawayi ko itace ake girki, gidaje da yawa suke tarayya a makewayi ɗaya, yaro ɗaya ba ya zuwa makaranta, babban ɗansa kuma ya gama karatu ba aikin yi. A ma'auni na biyu wannan gida yana iya faɗawa cikin matalauta. Irin waɗannan gidaje ne suke cike tazarar da take tsakanin alƙaluman Gombe guda biyu. Su ne kuma suka sa Bayelsa, jiha mai arzikin mai wadda ba ta cikin sahun gaba a talaucin kuɗi, ta zo ta biyu bayan Sakkwato a wannan rahoto.

Inda Ma'aunan Suke Da Rauni

Ƙirga kawuna kaɗai ba ya nuna zurfin talauci. Wanda Naira goma ta rage masa ya kai layi da wanda bai kai rabinsa ba, duk mutum ɗaya ɗaya ake ƙirga su. Gwamnatin da take neman suna tana iya tallafa wa na bakin layi su tsallake, ta ƙyale na can ƙasa, adadi kuma ya nuna an ci nasara. Don haka ne masana suke auna giɓin talauci, watau nisan da yake tsakanin matalauta da layin, wanda a binciken 2019 ya kama kusan kashi 13 cikin 100.

Bugu da ƙari, ana raba abin da gida ya kashe daidai wa daida tsakanin mutanensa, alhali ba kullum rabon maigida da na mata da na ɗan riƙo suke zama ɗaya ba. Lokacin bincike ma yana da tasiri, domin gidan manomi a watan Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, ba daidai yake da shi a watan Disamba ba. Haka nan miliyoyin da ake ambata duk ƙiyasi ne, tun da rabon Nijeriya da ƙidayar jama'a tun 2006.

Babbar matsalar ita ce tsufan alƙaluma. Bayan cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 da sakin darajar Naira a watan Yuni, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024, mafi ƙarancin albashi kuma ya koma Naira 70,000 a watan Yuli na shekarar. Duk mai zuwa kasuwar Tudun Hatsi a Gombe ya san cewa Naira 376 ta 2019 ta daina zama ma'aunin komai. A watan Oktoba na 2025 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 139 ne suke cikin talauci, adadin da fadar shugaban ƙasa ta yi jayayya da shi.

Amfanin Sanin Ma'auni

Wannan muhawara ba ta masana kaɗai ba ce, domin da waɗannan alƙaluma ake yanke shawarar inda kuɗi zai tafi. Ma'aunin kuɗi yana nuna wa hukuma waɗanda suke buƙatar tallafi a hannu da sauƙin farashi da aikin yi. Ma'auni mai fuskoki da yawa yana nuna inda ake buƙatar bututun ruwa daga madatsar Daɗin Kowa, da ɗakin shan magani, da azuzuwa. Layin Bankin Duniya kuwa amfaninsa kwatanta ƙasa da ƙasa, amma ba zai iya nuna gidan da ya fi wani buƙata a cikin unguwa ba.

Wannan aiki na ƙarshe sai mutanen wurin. Shi ya sa rajistar masu ƙaramin ƙarfi ta ƙasa, wadda aka dogara da ita wajen biyan tallafin Naira 5,000 a wata a zamanin gwamnatin Muhammadu Buhari, aka gina ta a kan tara mutanen gari su bayyana abin da suke kira talauci, su kuma nuna gidajen da abin ya fi shafa, kusan yadda aka yi a Batagarawa a 1967. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ko da yake wannan hanya ma ba ta tsira daga zargin son kai da siyasa ba.

Saboda haka idan aka ji wani jami'i ko wata hukuma sun ba da adadin matalauta, ya kamata a nemi sanin abu huɗu: me aka auna, a ina aka shata layin, a wace shekara aka shiga gidajen jama'a, kuma su wa aka bari a waje. Adadin da ya zo da waɗannan amsoshi shi ne majalisar dokoki da ma'aikatar kasafin kuɗi za su iya tsara aiki a kansa, shi ne kuma jama'a za su iya riƙewa su tambayi gwamnati bayan shekara huɗu ko an sami ci gaba.